Tsufan Masu Larurar Galahanga da Tanadin da Ya Kamata Iyalai Su Yi a Jega, Aliero da Maiyama

GABATARWA

Ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama suna cikin Masarautar Gwandu, kuma ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa yawan mutanensu a haɗe ya haura 400,000. A cikin wannan al'umma akwai gidaje da dama da Allah ya ba su ɗa ko 'ya mai larurar galahanga. Yawancin bayanan da ake yi wa jama'a game da wannan larura sun tsaya ne a kan ƙananan yara, wato yadda za a gane ta, da shayarwa, da allurar rigakafi, da kuma batun makaranta. To amma yaro ba ya dawwama a yarinta. Yana girma, iyayensa kuma suna tsufa, har a kai lokacin da tambaya ɗaya za ta riƙa hana uwa barci: wa zai riƙe shi bayan raina?

Manufar wannan bayani ita ce faɗakar da iyalai cewa a yi wannan magana tun iyaye suna raye kuma suna da ƙarfinsu, a gaban shaidu, a kuma rubuta. Abubuwa huɗu ne ke buƙatar tanadi: lafiyarsa, wanda zai riƙe shi, dukiyar da za a ciyar da shi da ita, da kuma takardunsa. Duk inda aka ce "shi" a cikin bayanin nan, ana nufin namiji da mace baki ɗaya.

MECE CE WANNAN LARURA?

Ana amfani da kalmar galahanga a kan larurori fiye da ɗaya. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce nau'in da likitoci ke kira Down syndrome, sunan da aka ɗauko daga wani likitan Ingila, John Langdon Down, wanda ya bayyana siffofinta a shekarar 1866. A shekarar 1959 ne masu bincike a Faransa suka gano musabbabinta. A cikin ƙwayoyin halittar jikin ɗan Adam akwai wasu zarurruka 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uba, 23 daga uwa, a jere biyu-biyu. Mai wannan larura yana da 47, domin na 21 a jerin ya zo guda uku maimakon biyu. Wannan ƙarin ne ke kawo jinkirin tafiya da magana da koyo, da kuma siffofin fuska da aka san su da su.

Saboda haka larurar ba ta da alaƙa da sammu, ko musanyar aljanu, ko wani abin da uwa ta ci ko ta taka lokacin da take da ciki. Ana samun ta a kowace ƙasa da kowace ƙabila. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jariri 1 mai ita a cikin kowane 1,000 zuwa 1,100. A Nijeriya, wani bincike da aka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, aka kuma wallafa a 1982, ya samu jariri 1 a cikin kowane 865. A watan Disamba na 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga watan Maris ta kowace shekara domin tunawa da masu wannan larura.

ME YA SA BATUN TSUFA YA TASO?

Dalilai uku ne. Na farko, masu larurar suna yin tsawon rai fiye da dā. A Amurka, a shekarar 1983, matsakaicin shekarun da suke kaiwa 25 ne, amma yanzu ya kai kimanin 60. Abin da ya kawo wannan canji shi ne aikin tiyatar zuciya ga jarirai, domin kusan rabinsu ana haihuwar su da matsalar zuciya, sai allurar rigakafi, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, da kuma barin su su tashi a cikin iyalansu. A ƙasarmu har yanzu ciwon zuciya da na huhu suna ɗauke yara da yawa tun suna ƙanana, amma wanda ya tsallake shekarun farko yana iya kaiwa arba'in, hamsin ko fiye.

Na biyu, yiwuwar haihuwar mai larurar tana ƙaruwa da shekarun uwa. Ga mace mai shekara 25 abin bai kai 1 cikin 1,000 ba, ga mai shekara 35 kimanin 1 cikin 350 ne, ga mai 40 kimanin 1 cikin 100, ga mai 45 kuwa kimanin 1 cikin 30. A yankinmu, inda mata da yawa ke ci gaba da haihuwa har su haura arba'in, sau da yawa mai larurar shi ne auta. A ɗauki misalin uwar da ta haife shi tana da shekara 42, mahaifinsa kuma yana da 55. Ranar da zai cika shekara 30, uwar tana da 72, uban yana da 85, idan Allah ya ja kwanansu. Ke nan lokacin da buƙatunsa za su fara ƙaruwa, masu kula da shi sun fi shi buƙatar a kula da su.

Na uku, tsufa yana zuwa musu da wuri. Alamomin da aka saba gani ga ɗan shekara sittin ana iya ganin su ga mai galahanga tun yana cikin shekarunsa na arba'in. Iyalin da suka ce sai ya tsufa za a yi shawara, za su tarar lokaci ya riga ya ƙure. Hausawa na cewa da sanyin safiya ake kama fara.

ABUBUWAN LURA GAME DA LAFIYARSA

Babbar matsalar ita ce mai galahanga ba kasafai yake iya faɗin inda ke masa ciwo ba. Sai dai a ga ya canza: ya ƙi cin abinci, ko ya daina fita, ko ya riƙa fushi ba dalili. Bai kamata a ce "haka yake" a bar shi ba. Duk canjin da ya wuce mako biyu yana buƙatar ganin likita. Ga cututtukan da suka fi samun su idan sun manyanta.

Na ɗaya, raunin tayirod, wato halittar nan ta gaban wuya wadda idan ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Idan ta rage aiki, mutum zai riƙa kasala, da yawan barci, da jin sanyi, da ƙiba, da bushewar fata, da taurin bayan gida. Gwajin jini ne ke nuna ta, kuma tana da magani, ƙwaya ɗaya a kullum. Ƙa'idojin kula da manya masu larurar da aka wallafa a Amurka a 2020 sun ba da shawarar a yi wannan gwaji duk shekara ɗaya ko biyu daga shekara 21.

Na biyu, ido da kunne. Yanar ido tana kama su da wuri, kuma aikinta ba ya ɗaukar lokaci. Hanyar kunnensu kuma siririya ce, don haka dauɗa kan toshe ta har ji ya ragu. A kai shi a wanke masa a asibiti, kada a sa tsinke ko gashin kaza.

Na uku, ciwon huhu, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke sanadin rasuwarsu. Tari da zazzaɓi da saurin numfashi, musamman lokacin hunturu da ƙura, ba abin jira ba ne. Idan ya fara ƙwarewa a wajen cin abinci ko shan ruwa, a sanar da likita, a kuma riƙa zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci mai laushi.

Na huɗu, ƙiba da ciwon suga da ɗaukewar numfashi cikin barci. Minshari mai ƙarfi wanda numfashi ke tsayawa a tsakaninsa, da gyangyaɗi da rana, alama ce da ya kamata a faɗa wa likita. Ƙa'idojin 2020 sun nemi a fara gwajin suga daga shekara 30, ko daga 21 idan yana da ƙiba. Tausayi kan sa a yawaita ba shi lemon kwalba da alewa, kuma wannan cutarwa ce. Tafiyar ƙasa kullum da rage zaƙi sun fi masa amfani. A watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, a riƙa tuna masa shan ruwa, domin ba lallai ne ya nema ba.

Na biyar, ƙashi da gaɓoɓi. Wannan yana buƙatar kulawa ta musamman a yankinmu, domin garin Aliero ya yi suna wajen ɗori na gargajiya, kuma mutane da yawa can suke fara zuwa. Wasu masu galahanga suna da sakakkiyar gaɓa a tsakanin ƙasusuwa biyu na saman wuya. Murɗa wuya, ko jan kai, ko ɗora masa kaya mai nauyi a kai na iya danne laka har jiki ya shanye. Idan ya fara ciwon wuya, ko karkata kai, ko jan ƙafa, ko fitsari na kufce masa, a fara da asibiti a ɗauki hoto. Ana kuma roƙon maɗora da su mayar da irin wannan majinyaci ga likita ba tare da sun taɓa wuyansa ba.

Ga mata kuma, jinin al'ada yana ɗauke musu da wuri, galibi a tsakiyar shekarun arba'in, kuma bayan haka ƙashi kan yi rauni. A gyara makewayi da ƙofar ɗaki domin kauce wa faɗuwa.

CUTAR MANTUWA

Wannan ita ce ta fi komai nauyi. Sinadarin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa ya haifar da cutar mantuwa ta Alzheimer, umarnin ƙera shi yana kan kuromosom na 21 ne, wanda mai galahanga yake da shi guda uku. Saboda haka, zuwa shekara 40 kusan dukkansu sun fara tara wannan sinadari, ko da alamun ciwo ba su bayyana ba. Ƙididdigar ƙasashen da suka bi diddigin lamarin ta nuna cewa kimanin kashi 30 cikin 100 na waɗanda ke cikin shekarun hamsin, da kimanin rabin waɗanda ke cikin shekarun sittin, suna fama da cutar.

Sau da yawa alamar farko canjin hali ce. Mutumin da aka sani da fara'a da son gaisawa sai ya koma shiru, ya daina aikin da ya saba, ya ɓata a hanyar masallaci ko kasuwar da ya shekara ashirin yana bi, ya kasa sa riga daidai, ko ya tashi da dare yana yawo. Wasu kuma farfaɗiya ke fara kama su bayan shekara arba'in alhali ba su taɓa yi ba.

Likita ba zai iya gane raguwar basira ba sai ya san matsayin da mutum yake a dā. Don haka ana ba iyalai shawarar su samu littafi guda, tun yana kimanin shekara 30 zuwa 35, su rubuta abubuwan da yake iya yi da kansa: wanka, alwala, sa tufafi, gane kuɗi, zuwa aike, sunayen mutanen gida, da surorin da ya haddace. A rubuta da boko ko da ajami, a sa kwanan wata, a kuma sabunta duk shekara, misali bayan kowace babbar salla. Daga shekara 40 a riƙa kai shi likita sau ɗaya a shekara tare da wannan littafi.

Ya kamata a sani cewa ba duk raguwa ce cutar mantuwa ba. Raunin tayirod, toshewar kunne, yanar ido, rashin barci mai kyau, ciwon haƙori, da ciwon damuwa bayan rasuwar wani makusanci, duk suna kama da ita, kuma duk ana maganinsu. Idan kuwa aka tabbatar ita ce, to har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da ita ba, amma kulawa tana rage wahala ƙwarai. A bar shi a ɗakin da ya saba, a kiyaye lokutan cin abinci da barci, a bar masa fitila da dare, a yi masa magana a taƙaice da murya mai taushi. Kada a ɗaure shi, kada a kulle shi, kada kuma a kai shi inda za a doke shi da sunan magani.

WA ZAI RIƘE SHI?

An san al'ummarmu da zumunci, kuma iyaye da yawa suna dogara da cewa 'yan'uwansa ba za su bar shi ba. Wannan kyakkyawan zato ne, amma akwai abin da ya kamata a sani. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci na jihar nan ke aiki da ita, ciyar da ɗan da ya balaga alhali larura ta hana shi neman na kansa wajibi ne a kan uba. To amma kamar yadda ya zo a littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, ciyarwar dole a tsakanin dangi ta tsaya ne ga iyaye da 'ya'ya. Idan uba ya rasu, abin da wa ko ƙane zai yi wa ɗan'uwansa sadar da zumunci ne mai ɗimbin lada, amma alƙali ba zai tilasta masa daga dukiyarsa ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin yin tanadi.

Ana ba da shawarar uba ya kira taron iyali, a gayyaci limami ko mai unguwa, a tsayar da waɗannan abubuwa.

Na farko, a ambaci sunan wanda zai riƙe shi, da kuma na biyu wanda zai karɓa idan na farko ya rasu ko ya kasa. Ba dole ne ya zama babban ɗa ba. Wanda suka fi shaƙuwa, kuma yake zaune a gari, ya fi wanda ke Legas ko Abuja ko da ya fi shi kuɗi. Na nesa ya ɗauki nauyin magani da sutura.

Na biyu, a nemi yardar matar da aikin zai faɗa a kanta. Idan aka ce wane ya ɗauki ƙanensa, a zahiri matarsa ce za ta dafa, ta wanke, ta yi jinya. Idan kuma 'ya mace ce za ta riƙe, to gidan mijinta za a kai shi, kuma sai da amincewar mijin. Riƙon da aka ɗora wa mace ba da shawararta ba, shi ne ke ƙarewa da tsangwama. A kuma tsara wanda zai riƙa karɓar ta domin ta huta, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, a gidan da ke da mata fiye da ɗaya, a fito da magana fili tsakanin shaƙiƙai da 'yan uba, musamman game da ɗakin da yake kwana, domin rabon gida bayan rasuwar maigida shi ne lokacin da mai rauni ya fi rasa matsuguni.

Na huɗu, a tambaye shi. Da yawansu sun san wanda suke so da wanda suke tsoro, kuma za su faɗa idan aka ba su lokaci. Bayan an tsayar da magana, a fara sabar masa da sabon gidan tun yanzu: yini ɗaya a mako, sannan kwana ɗaya, har ya zama gidansa na biyu. Tashi daga gida zuwa gida a makon da uwa ta rasu yana haɗa masa rashi biyu a lokaci ɗaya.

Game da 'ya mace, a kiyaye ta daga masu lalata, domin tana saurin yarda da mutane, kuma tana iya ɗaukar ciki. Kada kuma a aurar da ita ga wanda ba a san halinsa ba don kawai a sauke nauyi. Duk maganar aure a yi ta da saninta, da shawarar likita da ta malamai.

DUKIYA: GADO, KYAUTA DA WAƘAFI

Larura ba ta rage wa mutum rabonsa na gado. Mai galahanga yana da kaso daidai da na ɗan'uwansa lafiyayye, mace kuma daidai da 'yar'uwarta. Abin da shari'a ta tanada shi ne kada a danƙa masa dukiyar a hannu idan ba zai iya juya ta ba. Aya ta 5 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da a riƙe wa irin waɗannan dukiyarsu, a ciyar da su a tufatar da su daga cikinta, a kuma yi musu magana mai daɗi. Uba yana da ikon naɗa wasiyyi tun yana raye, wato amintaccen da zai kula da dukiyar. Idan bai naɗa ba, alƙali ne zai naɗa. Ya fi kyau a riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a nuna wa wasu dattawa biyu na dangi duk shekara, domin kare mai dukiya da kuma kare wasiyyin daga zargi.

Iyaye da yawa sukan ce, "Idan na mutu, gonar fadama ta wane ce." Wannan wasiyya ce ga magaji, kuma ba ta zartuwa sai idan sauran magada sun amince bayan rasuwar. Hanyoyin da suka fi tabbas su ne kyauta da waƙafi, waɗanda ake yi tun mutum yana da rai da lafiya. Sharaɗin kyauta shi ne a miƙa ta, ta fita daga hannun mai bayarwa kafin ciwon ajali, kuma a kafa shaidu. Uba na iya karɓa a madadin ɗansa mai rauni, amma idan gidan da uban yake zaune a ciki ne, akwai ƙarin sharuɗɗa, don haka a tuntuɓi alƙali ko malamin da ya san fannin. Shari'a ta yi horo da adalci tsakanin 'ya'ya wajen kyauta, amma malamai da dama sun halatta fifita wanda larura ta hana shi nema. Sanar da sauran 'ya'ya da samun yardarsu a rubuce yana kashe fitina. Iyalan da ba Musulmi ba kuwa, su rubuta wasiyyarsu ta hannun lauya.

Wajen zaɓen abin da za a ware masa, kadarar da ke kawo kuɗi duk shekara ta fi tsabar kuɗi, domin kuɗi na ƙarewa kuma darajarsu na raguwa. Gonar albasa a Aliero da za a bayar haya, rumfa ko shago a kasuwar Jega, gonar gero ko dawa a Maiyama, ko tumaki da awakin da za a ba amintacce kiwo, duk sun dace. A auna gonar, a rubuta iyakokinta, a sa hannun mai unguwa da uban ƙasa. Iyalin da ba su da kadara kuwa, su tsayar da abin da kowane ɗan'uwa zai riƙa bayarwa, ko da damin gero ne a kaka, su kuma sanar da masu rabon zakka na garinsu.

TAKARDU DA HAƘƘOƘINSA A DOKA

Mai galahanga ɗan ƙasa ne kamar kowa. A yi masa takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ko takardar rantsuwar shekaru idan babba ne, da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Idan babu waɗannan, shigar da shi duk wani shirin tallafi ko buɗe masa asusun banki zai yi wuya. A haɗa su da katin asibiti, sunayen magungunansa, littafin da aka ambata a baya, da takardun kadara, a ajiye kofi a hannun mutum biyu.

A watan Janairu na 2019 aka sa hannu kan dokar tarayya ta 2018 da ta haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, ta kuma ambaci kula da lafiya kyauta a asibitocin gwamnati ga masu larurar ƙwaƙwalwa. A ƙarƙashinta aka kafa Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa a 2020. Har ila yau, dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta sanya masu naƙasa cikin rukunin marasa galihu da ake tallafa wa. A Jihar Kebbi hukumar KECHEMA ce ke kula da tsarin taimakekeniyar lafiya. Iyalai su tuntuɓi cibiyar lafiya ta mazaɓarsu da sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma domin sanin yadda ake rajista.

AIKIN YI DA ZAMA CIKIN JAMA'A

Wanda ke da abin yi da abokan hira ya fi daɗewa da basirarsa. Mai galahanga yana iya ba dabbobi abinci, tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau, share masallaci, jiran rumfa tare da wani, ko tsintar wake da shinkafa. A biya shi ladan aikinsa, a kuma kira shi da sunansa na yanka maimakon laƙabin izgili. Kada a tura shi bara, kada kuma a bar yara su mayar da shi abin wasa. Duk abin da ya koya yana yi da kansa a yau, nauyi ne aka rage wa mai riƙon gobe.

IDAN RASUWA TA ZO

Wasu iyalai sukan ɓoye masa rasuwar uwa ko uba, su ce an yi tafiya. Sakamakon haka sai ya yi watanni yana jira a bakin ƙofa. A gaya masa gaskiya da kalmomi masu sauƙi, a bar shi ya zauna a wurin karɓar gaisuwa, ya yi addu'a tare da kowa, a kuma bar masa wani abu na mamacin, kamar carbi ko mayafi. Baƙin cikinsa yana iya bayyana bayan watanni, ta hanyar ƙin abinci ko rashin barci. Idan abin ya daɗe, a kai shi asibiti.

INDA ZA A NEMI TAIMAKO

Matakin farko shi ne cibiyar lafiya ta kusa, sannan babban asibitin Jega, na Aliero ko na Maiyama. Idan ana buƙatar gwajin zuciya, na tayirod, aikin ido ko hoton wuya, ana tura majinyaci zuwa Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, dukkansu a Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Don farfaɗiya, ciwon damuwa da cutar mantuwa akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. A ɓangaren ƙungiyoyi, Gidauniyar Down Syndrome ta Nijeriya, wadda aka kafa a Legas a 2001, tana aikin wayar da kai da horar da iyaye. Iyalan unguwa ɗaya ko gari ɗaya su ma za su iya haɗa kansu, su riƙa ziyartar juna, su haɗa kuɗin mota ranar zuwa asibiti.

KAMMALAWA

Ana kira ga iyaye da su kira taron iyali a cikin wannan shekara, su ambaci mai riƙo, su ware abin ciyarwa, su haɗa takardu, su kuma buɗe littafin lafiya. Ana kira ga uwayen ƙasa, hakimai, masu unguwanni da limamai da su zama shaidu a kan waɗannan yarjejeniyoyi, su kuma sa ido a lokacin rabon gado domin kada a danne haƙƙin mai rauni. Ana kuma kira ga ma'aikatan lafiya, da ɗaliban kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega waɗanda su ne ma'aikatan gobe, da su riƙa sauraron mai rakiya da haƙuri, su duba majinyacin da kyau kafin su jingina komai ga larurarsa.

Yin tanadi ba ya kawo ajali kusa, kuma ba ya cin karo da tawakkali. Allah ya ba masu jinya lada, ya ƙara wa marasa lafiya sauƙi, ya kuma ba mu ikon riƙe amanar da ya ɗora mana, amin.